Dalilin Hotona a Cikin Coci

Salamu alaikum jama'a. Wata bakwai ban ce uffan a shafin nan ba, kuma da so samu ne da na ƙara. To amma hotona ya riga ni fitowa: ga Sanusi mai albasa tsaye a coci, riƙe da makirfo. An ce na bar addini. Maganar ta kai Argungu kunnen Innata, kwana tara ba ta ɗaga wayata ba. Wannan ya fi ciwon yi min zafi.

Ga yadda abin yake.

Da ciwon baya ya fara, irin na ɗaukar buhu. Kullum sai in sayi ƙwayar kashe ciwo in haɗiye ba komai a cikina. Sai ƙirji ya fara zafi, na ce yaji ne. Sai bayan gida ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, na ce zai wuce. Wata Asabar da hantsi na yi aman jini a ƙofar rumfata a unguwar Nasarawa, na faɗi.

Oga Emeka ne ya ɗauke ni, maƙwabcina mai sayar da kayan babur. Shekara goma sha ɗaya muna musun addini da mutumin nan. Ni in ce rawanin liman zai yi masa kyau, shi ya ce ya ajiye min kujera a cocinsu.

A asibiti aka zura min bututu mai kyamara ta baki. Gyambon ciki ne ya fashe. Gwajin kaɗai ya cinye kuɗin buhun albasa biyu. Likita ya ce, "Jininka ya yi ƙasa sosai, kuma irin naka O negatif ne, wahalar samu gare shi. Leda uku muke so kafin gobe."

Ƙannena suka zo daga Argungu, abokan kasuwa suka zo, ba wanda ya dace. Emeka ma ya miƙa hannu, bai dace ba. Ya leƙo ya ce, "Malam, har jininka gardama gare shi."

Na yi dariya, amma wallahi tsoro nake ji. Ina kallon silin ina maimaita kalmar shahada, don na ɗauka tafiya ce ta zo.

Washegari Lahadi, Emeka ya tashi a cocinsu a unguwar Badariya ya faɗi halin da nake ciki. Ana tashi suka ciko Keke Napep har biyar. Aka gwada su, uku suka dace: wata tela, wani malamin makaranta, da wani direba. Ban taɓa ganin ko ɗayansu ba.

Sati biyu na yi a kwance, ruwa da allura, sai kunu ba tsami. Da na fara takawa na ce wa Emeka ina so in gode wa mutanen. Ya ce, "Ai wuri ɗaya za ka same su duka. Kujerarka tana nan."

Na yi sati uku ina juya abin a raina. Daga baya na yi alwala, na sa farar rigata, na tafi.

Kuskuren farko, na tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Wata mata ta biyo ni da su a hannu har wurin zama.

Can sai faston ya ce, "Baƙonmu zai ba da shaida." Shaida? Ni shaida ɗaya na sani, wadda ake shiga addini da ita. Na dubi Emeka na ce, "Kai, haka munka yi da kai?" Ya danne dariya ya ce, "Labarin abin da Allah ya yi maka kawai za ka faɗa."

Na karɓi makirfo. Na ce, "Ni Musulmi ne. Shaidata ita ce babu abin bautawa da gaskiya sai Allah, kuma Annabi Muhammadu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, Manzonsa ne. Da ita na shigo, da ita zan fita. Addinin nan ne ya koya min cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Shi ya kawo ni. Allah ya raya ni, da jininku."

Sai telar nan ta miƙe ta ce amin, sauran suka bi. Da aka fito ta tambaye ni me nake karantawa a gadon asibiti, na gaya mata, ita ma ta gaya min addu'ar da ta yi min. Ba wanda ya ja wani.

Lokacin da nake riƙe da makirfon nan aka ɗauki hoton.

Shawarata: ku daina haɗiye ƙwayar ciwo ba abinci. In bayan gida ya yi baƙi, asibiti ranar, ba gobe ba. Ku san irin jininku, in da lafiya ku bayar. Kuma kafin ku tura hoton mutum, ku tambaye shi. Na gode wa Allah, na gode wa likitoci da nas-nas, da duk wanda ya yi min addu'a.

Shekaranjiya na shiga mota zuwa Argungu. Inna tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Mi ya kai ka coci?"

Na zauna a ƙasa na ba ta labari tun daga aman jini. Da na gama ta ajiye faifan shinkafar.

"Su nawa sunka ba ka jinin?"

Na ce uku.

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da busasshen kifin da take ɓoye wa manyan baƙi, ta raba shi kashi uku. Ta ce, "Ni ɗiya huɗu na haihwa. Ashe yanzu bakwai gare ni. Ka kai musu, ka ce uwarsu na gaishe su."