Tsakiyar Waƙar Kawu

Ana sallame sallar asuba muka bar Fagge, ni da Kawu, ƙanin mahaifiyata, da jaka biyu da fayil ɗin asibiti. Kafin magariba mun sauka Alƙahira. Masu ta kirana suna tambayar inda na shige mako uku, to ga labarin.

Abin da aka sani a gida shi ne aikin ido ya kai mu, kuma gaskiya ne. Idon Kawu na hagu ya mutu tuni, na dama kuma hawan jinin ido ya ci rabinsa. Amma Kawu yana da tasa a ƙasa. Tsohon ɗan badujalar 'yan sanda ne, mai busa kilarinet, kuma a can ya koyi karanta rubutun kiɗa, layuka biyar-biyar ɗin nan masu ɗige-ɗige kamar kashin ƙuda. Tun yana saurayi yake tara takardun kiɗan finafinai, na Indiya da na Turawa da na Larabawa, yana adana su a akwatin ƙarfe. Ɗaya ce ya fi ji da ita, waƙar wani fim ɗin Masar mai baƙi da fari, wadda wani Kwara, Balarabe mai silima, ya ba shi. A zamaninsu matar aure ba ta zuwa silima, sai ya riƙa busa wa Inna, matarsa, waƙar a tsakar gida don ita ma ta ji. Inna ta rasu, takardar ta ɓace, yanzu kuma farkon waƙar da ƙarshenta kawai yake tunawa. Tsakiyar ta gudu.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ni na ɓatar da ita. Shekara shida ke nan, rufin ɗakinsa ya yi yoyo yana ƙauye, na shiga gyara. Na tarar da wasu takardu sun jiƙe sun manne, abin da na iya ganewa a jikinsu haruffan Larabci ne kawai. Na yi yadda aka koya mana, na kai su bayan gida wuri mai tsabta na ƙone, na binne tokar, har ina jin na samu lada. Da ya dawo yana ta nema aka ɗora wa gara laifi, ni kuma na ja bakina na yi gum.

Mun sauka a unguwar Madinat Nasr, gidan wani malami ɗan Gusau, magidanci mai furfura a gemu, yana digirinsa na uku a hadisi. Washegari likita ya duba Kawu, bai ɓoye mana komai ba. Ya ce nan da kwana biyar za a yi aiki, idon yana iya tsira, yana iya tafiya gaba ɗaya. Muna fitowa Kawu ya ce, "To, kwana biyar gare ni in nemo takardar waƙar nan in karanta." Malam ya yi gyaran murya ya ce shi fa rakiya kawai zai yi, don maganar kiɗa akwai saɓanin malamai. Shi ne kuma kullum yake riga mu sa takalmi yana cewa yalla, wato mu tafi.

Tafiya a Alƙahira aiki ce. Ka hau ƙaramar bas zuwa Abbasiya, direba yana tuƙi da hannu ɗaya yana karɓar kuɗi da ɗayan, ƙahon mota kuwa kamar shi ne gaisuwar garin. Daga nan ka gangara jirgin ƙarƙashin ƙasa, jine ɗaya, kuɗinsu ke nan, duk inda za ka. Motocin sojoji na tsaye a wasu mahaɗun tituna, mutane na ratsa su suna sayen burodi. Abinci da araha. Koshari, wato shinkafa da taliya da wake a kwano ɗaya da soyayyiyar albasa a sama, jine biyar ka ƙoshi. Kawu ya ce wannan ai ragowar tukwane uku ce aka haɗa, ya kuma cinye nasa tas.

Ni kuwa na zama abin dariyar Malam. Kun san mu, ka ga takarda mai rubutun Larabci a ƙasa ba ka wuce ta, sai ka ɗauke don kada a taka. To a garin da hatta tallan sabulu da Larabci ake rubuta shi, sai ga ni ina duƙawa duk taku goma. Kafin mu dawo gida aljihuna ya cika da rasit ɗin kanti da tallan gidan haya. Malam ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri ɗan'uwa, idan ka ce za ka tsince Masar, bayanka ne zai karye." Na san gaskiyarsa, amma hannuna ba ya jin magana.

Kwana biyu muka yi a kasuwar tsofaffin littattafai ta Azbakiya da titin masu sayar da kayan kiɗa. Takardun nan su nota suke ce musu. Akwai su jefi-jefi, masu bango da zanen jaruma ta karkata kai, takardar ta yi ja saboda tsufa, kuma masu shagon sun san darajarsu. Matsalarmu ɗaya ce, Kawu bai san sunan fim ɗin ba. Mutanen Kano ba sa wahalar da kansu da sunan Larabci, nasu suke raɗa wa fim, wannan kuwa Matar Mai Jirgin Ruwa suke ce masa. Malam ya fassara, masu shago suka kalli juna. Sai Kawu ya rera farkon waƙar da hanci. Wannan ya ce fim kaza ne, na kusa da shi ya rantse ba shi ba ne, aka kira na uku ya kawo shayi, gardama ta kaure, aka manta da mu. Kawu ya sayi nota guda huɗu don kada a tashi haka nan. Tausayinsa ya kama ni, kunyar kaina kuma ta fi tausayin yawa.

Rana ta huɗu Malam ya ce khalas, ya isa haka, a huta da nema, mu je Ard al-Liwa mu gaida surukinsa, Bahaushen Sudan, ko Kawu ya ɗan sake. Unguwa ce a Giza, bayan layin dogo, gidajen jan bulo dogaye sun matse tituna har rana ba ta isa ƙasa sosai, Keke Napep ɗinsu da suke kira tuktuk na kutsawa tsakanin mutane. A bakin layin surukin muka tsaya sayen ta'amiya, ƙosansu ke nan, sai dai kore ne a ciki. Ina tsaye na hango takarda a ƙasa duk maiƙo, da Larabci a jiki. Malam ya ce, "An fara." Na duƙa na ɗauka. Zan cusa ta a aljihu sai na ga layuka biyar-biyar a saman rubutun.

Na miƙa wa Kawu. Ya kai ta dab da idonsa, ya ce ba tasa ba ce, amma nota ce ta gaske, ta fim. Muka leƙa teburin mai ta'amiya, ashe da su yake naɗe wa mutane abinci, tuli guda an yayyanka biyu. Ya ce a kilo yake saye wurin mai bikya, wato mai sayen tsofaffin kaya gida-gida, rumbunsa na layi na uku.

Rumbun a ƙarƙashin wani bene yake, da karyayyun kujeru da fankoki da buhu huɗu na takardu. Mai bikya ya ce daga gidan wani tsohon makaɗi ya kwaso su, ya rasu, 'ya'yansa na son ɗakin. Aka ajiye wa Kawu akwatin lemo ya zauna a bakin ƙofa inda haske yake, ya fito da gilashinsa mai ƙara girman rubutu. Ni ina zarowa, Malam yana kaɗe ƙura, Kawu yana rera layin farko ya ce, "Ba ita ba." Haka muka yi tun azahar, idonsa na zubar da ruwa yana sharewa. Mun yi la'asar mun dawo, muna cikin buhu na uku, ya rera layin farko bai ce komai ba. Ya rera na biyu. Ya wuce inda kullum yake tsayawa, ya ci gaba. Babu bango, shafin ƙarshe ma an riga an naɗe ta'amiya da shi, amma tsakiyar tana nan cif. Mai bikya ya ɗora ta a sikeli da wasu goma da Kawu ya zaɓa, ya karɓi kuɗin takardar naɗi, ya ƙi ƙari.

Ranar da ta rage Kawu ko ƙofa bai leƙa ba. Ya zauna a bakin taga yana bin ta layi-layi da yatsa har ya haddace.

Da safen aiki muna zaune a bencin asibiti, na ga idan ban faɗa yanzu ba, wataƙila ba zai sake kallon fuskata ba. Na ce, "Kawu, ku yafe min. Ba gara ba ce. Ni na ƙone takardarku."

Bai ko juyo ba. Ya ce, "Na sani. Ranar da na dawo na ga inda ka binne tokar, da guntun bango bai gama ci ba."

Na ce, "Shekara shida ba ku ce komai ba?"

Ya ce, "Wa ya koya maka ɗauke takarda daga ƙasa? Ba ni ba ne, kana ƙarami? In yi maka faɗa don ka ji maganata?"

Aka kira sunansa, na riƙe hannunsa har ƙofa. Na koma benci na yi kuka, ban damu da masu kallo ba.

Idon bai tafi duka ba, alhamdu lillahi. Yana ganin haske da inuwar mutum, yana kai kansa masallaci, amma rubutu kam ya yi sallama da shi. Likita ya ce abin da aka iya cetowa ke nan.

Mun dawo Kano ranar Laraba da yamma. Abin da na koyo a tafiyar nan, tsoho idan ya yi shiru ba rashin sani ba ne, kuma abin da yake nema wanda kake gani wasa ne, ka raka shi tun idonsa na gani. Washegari da hantsi Kawu ya sa aka ɗauko kilarinet. Tana fitar da iska ta gefe, shi ma numfashin ba kamar da ba. Ya zauna a tsakar gida, daidai ƙofar ɗakin Inna, ya ce in riƙe masa takardar a gabansa. Na san ba ya ganinta, shi ma ya san na sani. Na riƙe, ya busa ta daga farko har ƙarshe bai tsaya ba.