Shekara Shidan Ma'allam Miludi

Duk wanda ya tashi a Tudun Magina na garin Asfi ya san Ma'allam Miludi. Tsofaffi sun san shi da zane. Sun ce a zamaninsa in ya ɗora faranti a gwiwa ya tsoma burushi a shuɗin fenti, kafin shayinka ya huce ya zagaye shi da ganye da furanni, bai auna ba, bai goge ba. Matasa kuwa da faɗuwa a bakin kwata suka san shi. Ni sai bayan ya bar zanen, ya kuma bar shan giya, na san shi.

Sunana Kabbur. Direban motar kifi ne ni a da, ina kwasar sadin daga bakin teku zuwa masana'antar gwangwani, har ranar da na kifar da mota da hantsi ina cikin maye, aka karɓe lasina. Matata Hadda ta ce in zaɓa, ko ita ko kwalba. Wanta ne ya ce in je shagon shayin da ke gindin tudu bayan la'asar, in nemi teburin da ke kusa da famfo.

Mutum uku na tarar. Akwai Ragragi mai aski, gajere mai surutu, da Si Abdunnabi, malamin makaranta da ya yi ritaya, sai wani dogon tsoho da ya riƙe kofin shayi da hannu biyu kamar za a ƙwace masa. Shi ne Miludi.

"Yaushe rabonka da ita?" ya tambaye ni, ko sunana bai nema ba.

"Shekaranjiya."

"Ƙarya yake, Ma'allam," in ji Ragragi. "Daga nan ina jin warin mahiya. Barasar ɓaure ce, irin ta bayan tasha, mai makantar da jaki."

"To, jiya," na ce.

Miludi ya turo mini kujera da ƙafa. "Zauna, ɗan'uwa. Mu ma duk daga jiya muka fara."

Ba mu da suna, ba mu da shugaba. La'asar ce lokacin da ƙishirwar ke tashi, saboda haka kullum la'asar muna nan har a kira magariba. Doka ɗaya ce: in ka ji tana kiranka, ka faɗa da bakinka a gaban kowa. Sai a yi maka dariya, a ƙara maka shayi, Si Abdunnabi ya kawo labarin wani ɗalibinsa daƙiƙi, har lokacin ya wuce.

A wannan teburin na tsinci tarihin Miludi guntu-guntu. Yana ɗan shekara goma sha tara ya fara sha tare da masunta, ya yi shekara talatin da huɗu yana yi. Matarsa Mbarka ta yi haƙuri har ranar da aka zo neman auren 'yarsu tilo, Najat. Baƙi na zaune, an jera musu alewa da madara, ya shigo yana tangaɗi, ya kama gemun uban saurayin yana tambayarsa nawa zai sayar. Mutanen suka tashi, ba su sake dawowa ba. Kafin sati ya zagayo Mbarka ta kwashe 'yarta sun koma Kasablanka wurin danginta. Ko hakan bai hana shi ba. Sai da ya ƙara shekara bakwai, ya yi aman jini a gaban tanderun gasa tukwane, sannan ya ajiye.

Likita ya ce masa rawar hannun da shan ya bar masa za ta tafi cikin wata uku. Ba ta tafi ba. Mai shagon da yake aiki, wanda shi Miludi ya koya wa riƙon burushi, ya ba shi faranti goma na gwaji, duka goman suka fito kamar kaza ta bi ta kai. Sai aka mayar da shi bayan shago yana kwaɓa yumɓu da ƙafa. Shekara biyar yana wannan aikin lokacin da na san shi.

A wata na huɗu da dainawa na sayo kwalba. Ban sha ba, na cusa kwalbar cikin aljihun jallabiya na nufi teburin, ni kaina ban san dalili ba. Miludi ya dubi aljihun, ya miƙe ya ce in raka shi. Muka bi bakin teku a ƙafa har muka wuce masana'antun gwangwani, iska na dukanmu. Bai ce in yar ba, bai yi mini wa'azi ba. Farashin gawayi ya yi ta yi mini magana a kai, da ciwon gwiwarsa. Da ƙafafuna suka gaji, kunya ta fi ƙishirwa ƙarfi, na tsiyayar da ita a kan duwatsu.

"Asarar dirhami arba'in," ya ce. "Gobe kai za ka sayi shayi, don ka ji a jikinka."

Azumi ya zo ya wuce lafiya. A Asfi kowane mashayi waliyyi ne daga Sha'aban zuwa Sallah. Washegarin Sallah kujerar Ragragi ta zama wayam. Muka same shi a shagonsa, ido jajur, yana wasa aska.

"Kada ku dube ni haka," ya ce. "Wata goma sha huɗu na yi. Me aka ba ni? Lambar yabo?"

Bai ƙara zuwa ba. Da sanyi ya shigo, ɓarin jikin Si Abdunnabi ya shanye, ɗansa ya zo ya tafi da shi Marrakish. Muka rage mu biyu.

Ranar da Miludi ya cika shekara shida, ya yi aski, ya ari jallabiyata fara, ya hau motar Kasablanka. Ya ji labarin Najat na aiki a wani kantin magani. Kwana ɗaya ya yi ya dawo.

"Ka gan ta?" na tambaya.

"Na gan ta. Ta fito bakin ƙofa da farar rigar aiki. Ta yi ƙiba, kamar uwarta."

"Me ta ce?"

"Na ce mata shekarata shida ban sha ba. Ta ce, 'Allah ya ƙara lafiya, Si Miludi.' Ta ce akwai masu jira a ciki." Ya juya kofinsa. "Si Miludi, Kabbur, ba Baba ba. Kamar mai kawo musu kaya."

Na zaci ranar zai koma wa kwalba. Bai koma ba. Ya ci gaba da taka yumɓu, ya ci gaba da zuwa la'asar, sai dai zancen ya ragu. Bayan wata biyu idanunsa suka yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura, ƙafafun suka ƙi shiga takalmi. A asibiti suka ce hantar ta riga ta gama tun tuni, dainawar jinkiri kawai ta yi masa. Suka ba shi ƙwayoyi suka sallame shi.

Na koma kai masa miyar harira da Hadda ke dafawa, a ɗakinsa na saman tudu. Wata ranar Talata da azahar ya ture kwanon.

"Kabbur, ka je bayan tasha ka sayo mini ƙaramar kwalba."

Na yi dariya, na zaci tsokana ce.

"Ba wasa nake ba. Wa nake ajiye wa kaina? Hannun bai dawo ba, yarinyar ba ta dawo ba, hantar ga ta nan. Shekara shida ina shan ruwan ganye kamar akuya."

"Ma'allam, ka ji tsoron Allah."

"Kai za ka koya mini? Ni na tsamo ka!"

Na ce ba zan je ba. Har yau in an tambaye ni nakan ce don shi na ƙi, amma gaskiya don kaina ne. Na san in na taka ƙofar gidan nan, biyu zan sayo. Ya kira ni matsoraci, bawan mace, ya juya fuska bango. Washegari na dawo da miya, ya ƙi buɗe ƙofa. Haka jibi. Daga baya maƙwabciyarsa ta karɓi kwanon tana shigar masa da shi.

Ya rasu bayan sati uku, ranar Lahadi. Mu goma sha ɗaya muka kai shi. An aika wa su Najat, ba wanda ya zo. A hanyar dawowa daga maƙabarta na ji wani magini yana ce wa ɗan'uwansa, "Wane ne aka binne?" Ɗayan ya ce, "Mashayin nan na saman tudu."

Bayan sadakar uku na shiga shagon Ragragi, don gashina ya yi yawa kuma ba ni da wani mai aski. Ya ɗaura mini ƙyalle a wuya, numfashinsa duk mahiya. Ya yi rabin kai bai ce komai ba, abin da bai taɓa yi ba.

"Ni na kai wa Ma'allam kwalbar," ya ce. "Ya aiko maƙwabciya ta kira ni."

Ya goge askar a ƙyalle ya ci gaba.

"Ni na riƙe masa kofin, hannunsa ba ya iyawa. Rabi ya sha. Ya ce ba haka ya san ta ba, ɗaci kawai take yi. Sai ya amayar."

"Sauran fa?"

Ragragi ya dube ni ta madubi. "Wa kake tsammani?"

Ya karkatar da kaina gefe ya ci gaba da aski. Na biya shi na fito. La'asar ta kusa, ban san inda zan nufa ba, sai na tafi gida na zauna a tsakar gida ina taya Hadda ɓare wake.