Gumsu Mai Sheƙar Tsattsewa

Ni Tabawa, da muka baro Damagaram muka buɗe shago a Diffa, mace ta farko da ta shigo gidana ba ta jira an ce ta shigo ba ita ce Ya Gumsu. Gonar tattasai gare su a bakin Komadugu ita da mijinta Maina, maigidana Mahaman ne ke sayen busasshen. Gajera ce, tafin hannunta duk faso saboda tsinkar tattasai. In kogi ya cika, gora take runguma ta ƙetare, kaya a ka. Ni da ko rijiya ba na leƙawa, dariya take mini har da hawaye.

Maganar sheƙa kuwa wani Alhaji Hamani ya kawo ta, Allah ya yafe masa. Ya dawo daga Makka yana ba da labarin waɗansu alhazan Gabas masu shan romon sheƙar tsuntsu, wai tsuntsun da yawunsa yake gina ta, wai tana gyara ƙwaƙwalwa har ta dabba. Kowa ya ji ya wuce, ban da Gumsu. Ta ce ai tsattsewarmu ma da yawu take liƙa tata. Ta samo dogon kara ta riƙa kakkaɓo sheƙa daga rufin wani tsohon magazan, wato ɗakin ajiyar kaya, ta jiƙa, ta tace gashi da ciyawa, ta ɗura wa tumakin da ke juwa, masu zagaya wuri guda kamar an ɗaure su a turke. Wata ta tashi, wata a yanka. Wadda ta tashi ita ake tunawa. Shekaru ana kawo mata dabbobi har daga garin Tumur, ba ta karɓar kome sai godiya.

Ranar da ba na mantawa, kakar tattasai ce ta dubu biyu da uku. Ta shigo da hannu naɗe da tsumma.

"Ya Gumsu, me ya same ki?"

"Jakina ne. Ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Na sa hannu in ɗura masa magani ya datse ni."

Ta ce yawu yake zubarwa, yana cizon ƙafarsa, kukansa ya sauya. Na tambaye ta ko wani abu ya cije shi. Ta ce wani dila ne kwanakin baya, da rana tsaka ya shigo garke, ko tsoron mutane ba ya ji. Wallahi nan take na gane abin da ke faruwa. A unguwarmu ta Damagaram na ga abin da cizon mahaukacin kare ya yi wa wani magini, kuma ban so in sake gani ba.

"Tashi mu je likita yanzun nan!"

"Haba Tabawa, tattasai ya nuna ja wur. In na kwanta ana mini allura, wa zai tsinke? Na sha romon sheƙa ni ma. In an gama shanya zan zo."

Na yi faɗa, na yi roƙo, na haɗa ta da Allah da Annabi. Mahaman ma ya sa baki. Amma mai tattasai a kaka, ko gobara ce a gidanta sai ta cika kwando tukun. Ta tafi. Jakin ya mutu, ta aiko mini wai maganin ne bai ishe shi ba. Ka ji fa!

Sai da buhu na ƙarshe ya hau kaminyo, babbar motar kaya, sannan Maina ya kawo ta, ciwon har ya rufe. A ɗakina ta sauka. Muka kai ta likita, lokotoro ya fara mata allura. Da za mu fito ya ja ni gefe ya ce, "Hajiya, an jinkirta ƙwarai. Ki lura da ita wajen shan ruwa. Muddin tana haɗiya, da sauran fata."

Tun daga ranar na rasa sukuni. Kullum da safe in ɗebo ruwa a randa in miƙa mata, idona a maƙogwaronta. In ta haɗiye in ce alhamdulillahi a ɓoye. Ba ta da wauta, ta gane. Sai ta shanye ta kife moɗa ta ce, "Kin gani, sarkin tsoro?" Mu yi dariya, ni tawa ta dole ce. Har na fara sa rai. Har na ce wa Mahaman da alama mun tsallake.

Wata safiya ta tashi tana sosa tabon, ta ce yana mata kamar tafiyar kiyashi. Ba ta taɓa kunu ba. Na kawo ruwa kamar kullum. Ta miƙo hannu, ta kai moɗa kusa da baki. Sai wuyanta ya ƙage, ta yi wata irin shaƙuwa, ruwan ya watse a tabarma. Ta sake gwadawa, don Gumsu ba ta san saduda ba. Haka dai.

Muka kalli juna. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, ban ma iya salati ba. Matar da ke ƙetare Komadugu a cike ta ja jiki ta lafe a bango saboda ruwan moɗa guda.

Da numfashinta ya daidaita ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Tabawa, fitar da randar nan. Ki kira mini Maina. Kuma ki hana ɗiyanki shigowa, ko na kira su da sunansu."

Na fitar da randar. Kwanakin da suka rage mata, ta taga muke magana.