Kwamfutar Sajan Ishaya Mai Tashi Ƙarfe Shida

Duk wanda kwamfutarsa ta yi gardama a Zuru, wurin Ujunwa ake tura shi. A garin aka haife ta, a bayan shagon kayan wuta na mahaifinta, kuma tun tana sakandare take farke rediyon maƙwabta. Halinta guda ke ba masu gaggawa haushi: ba ta taɓa sukudireba sai ta gama tsare ka da tambayoyi.

Ran nan sai ga Mama Keziah, matar marigayi Sajan Ishaya, daga ƙauyen Manga a kan babur, rungume da tsohuwar kwamfutar mijinta cikin zani.

"'Yata, abin nan ya fi ƙarfina. Da hannuna nake kashe ta, amma kullum ƙarfe shida na safe sai ta kunna kanta. 'Ya'yana sun ce a ƙona ta, ga shi hotunan babansu duk suna ciki."

Ujunwa ta jona ta, ta danna maɓallin, lafiyarsa ƙalau.

"Mama, yaushe ta fara?"

"Tun da aka sa mana sola. Rabonta da kwana a jikin wuta tun muna bariki."

Ujunwa ta kutsa can cikin saitin da ke fitowa kafin komai ya buɗe. Ga umarni nan a rubuce: kullum, ƙarfe shida. Shekara biyar da binne mutumin, amma ƙaramin batirin da ke ciki bai daina ƙirga masa lokaci ba.

"Mama, ba aljani ba ne. Muddin tana jone, ko an kashe ta agogonta na aiki. Baba ne ya ce ta riƙa tashi."

Keziah ta dafe ƙirji. "A bariki, da waƙoƙin coci daga cikinta nake farkawa, mu yi addu'a. Ina ta yabonsa da sammako, ashe malalacin nan yana kwance abinsa!" Ta fashe da dariya, hawaye na zuba.

Ujunwa ta sake duban umarnin da ke kan allon. Da ƙyar ta ce, "In cire, Mama?"

Tsohuwar ta riƙe mata hannu gam.

"Kul! Bar shi ya ci gaba da tashe ni."