Sojan Ruwa da Bai Iya Iyo Ba

Inna ta hana mu shiga tafki tun muna ƙanana. Daga ƙofar gidanmu a Madarunfa ana hango ruwan, amma ko ƙafa ba mu tsomawa. Ita ɗiyar masunta ce, ta ce ta ga abin da ruwa ke yi, ya ishe ta.

Da Yaya ya shiga soja, aka tura shi gabas, Tafkin Cadi. Ƴan bindiga sun kewaye wasu tsibirai, ba shiga ba fita. Sojoji ke kai wa mutanen ciki hatsi da magani a jiragen ruwa, su kuma tsare mashigai. Wata rana kaftin ɗinsu ya tambayi kowa garinsu. Yaya ya ce Madarunfa.

"Ɗan bakin tafki ke nan. Jirgi za ka shiga."

Kunya ta hana shi faɗin gaskiya.

Ya ba mu labarin ne da ya zo hutun kwana goma, yana cin tuwo yana dariya. Na lura Inna ba ta yi dariya ba. Ludayin miya ya daɗe a hannunta.

Da safe, kafin in tafi lakwal, wato makaranta, ta yafa mayafi, ta sa Yaya gaba har wurin Kaka, mahaifinta, yana gyaran komarsa ta kamun kifi a bakin ruwa.

"Baba, ga shi. Ka koya mishi."

Kaka ya dube shi tun daga takalmi har hula. "Wannan ƙaton? Sun ba ka bindiga, ba su tambaye ka ko kana nutsewa ba?"

"Tsoho, kai dai koya mini, ka bar surutu."

"Tuɓe. Gwamnati ba ta da iko a nan."

Kullum in an tashi lakwal nakan zauna ƙarƙashin gawo da littafina a cinya, kamar ina bita. Kaka ya ba shi babbar gora irin wadda masunta ke kwanciya a kai. Yaya ya rungume ta, ta juye da shi, ya taso yana tari. Mata masu wanki suka yi ta shewa. Na ga yatsunsa sun yi fari sun tattare, na ga yakan yi bisimilla sau biyu kafin ya saki ƙasa.

Ran kwana na tara Kaka ya tura kwalekwale can tsakiya, ya ɗauke gorar ya jefa cikin kwalekwalen.

"Iso ni, soja."

Yaya ya shiga. Iyonsa ba kyau, yana dukan ruwa kamar mai sussuka. Sau ɗaya kansa ya ɓace, na rufe littafin. Sai ga hannunsa a bakin kwalekwale, Kaka yana ƙwanƙwasa mishi filafili a ka.

Na miƙe in je in gaya wa Inna, ashe tana wurin. Tana tsaye, ruwa har idon sawunta, bakin zanenta ya jiƙe, ba ta ma sani ba.

Bayan ya koma ya kira mu a salula. Ya ce jirginsu ya maƙale cikin ciyawa da buhunan hatsi, shi ya fara dira ya tura.

"Ruwan ya kai ina?" in ji Inna.

"Ya fi ƙarfin tsawona, Inna."

Ta ce madalla, ta miƙo mini salular, ta koma wurin tukunyarta.