Jinin Inna da Ƙwan Zabi

Jiya Yayana ya dawo Kabo daga jami'a. Ya ce akwai rumbuna a intanet da ake tara bayanin yadda ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta ke sauya tsarinsu, kowa na iya dubawa. Sai na tuna kakarmu, Inna.

Inna ba ta kwanciya ciwo. Sauro ma in ya cije ta, shi ke yin zazzaɓi. Shekarar da aka fara shari'ar Musulunci a jiharmu, wasu masu bincike suka zo suka ɗebi jininta. Ta soya musu ƙwan zabi, ƙamshin man shanu ya cika gida, mu ko ɗanɗane ba mu samu ba.

"'Ya'yan nan, za ku dawo ku gaya mini sirrin jikina?"

"Da damina, Inna."

Damina uku, duk ƙarar mota sai ta gyara kallabi ta ce, "Ke, leƙa mini." Ba su zo ba.

Na tambayi Yaya ko bayanin jinin Inna na cikin rumbunan. Ya ce wataƙila, amma ba suna, lamba ce kawai. Wato baƙo zai iya karanta abin da ta rasu tana jira.

Allah Ya ji ƙan Inna, Ya saukar da ita inda ba a saɓa alkawari.