Haƙoran da Na Sa Aka Yi wa Inna

Lokacin ba a raba mu da jihar Sakkwato ba tukuna, ina koyarwa a Birnin Kebbi, Inna kuma tana Argungu ita kaɗai tun rasuwar Baba. Haƙoranta na ƙasa sun daɗe da zubewa. Hakan bai hana ta komai ba, kullum da azahar ita da matan makwabta uku suna kewaye ƙwarya ɗaya, suna shan fura suna caccakar duniya.

Ni ce ban iya ganin abu in bar shi ba. Na ɗauke ta zuwa Sakkwato aka yi mata haƙoran roba. Na dawo ina ji da kaina, wai na yi abin kirki.

Bayan wata biyu na je na tarar da ita a ɗaki, ta ba ƙofa baya tana shan furarta. Wata makwabciya ta tare ni a zaure ta ce, "Innarki tun da anka yi mata haƙora ta hi ƙarhinmu."

Raina ya ɓaci. Na shiga ina faɗa, har na kawo mata misalin ƙanen Baba da ke sa nasa yana tauna ƙashin kifi. Sai da ta juyo na ga fura na bin haɓarta tana ɗiga a zane, ita kuwa ba ta ma sani ba.

"Leɓen ya mace, ɗiyata," ta ce. "Ba ni jin shi. Kunya nika ji a gani."

Muka koma wurin likita. Ya taɓa dasashinta da yatsa, ta zabura. Ya ce in haƙora sun zube, ƙashin muƙamuƙi yakan yi ta zaizayewa, har jijiyar da ke kwance cikinsa ta kusa fitowa sarari. Ƙashin mata kuma ya fi zama siriri, shi ya sa ƙanen Baba ya tsira. Robar nan a kan jijiyar take zaune.

A mota na tambaye ta me ya hana ta cirewa tun farko.

"Ke kinka kawo," ta ce.

Ta daina sawa, amma leɓen bai farfaɗo duka ba, kuma ba ta yarda ta koma ƙwaryar matan ba. Na roƙe ta ta biyo ni Birnin Kebbi, ta ƙi barin ɗakinta. Sai ya zama ƙarshen wata kawai take shan fura da mutum, wato ni, ina goge mata haɓa da gefen gyalena.

Haƙoran kuwa ta hana a yar. Suna cikin ƙaramar tasa a kan kabad, inda duk mai shigowa zai gani ya san 'yarta na kula da ita.